Taƙaitawa: muhawararmu kan soke tarar iskar methane a Amurka

Jama'a, zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. An yarda kan asali. Dokar 2022 ta zamanin Biden ce ta ɗora wa manyan kamfanonin mai da gas tara idan methane ɗin (babban sinadarin iskar gas, mai ƙara ɗumamar yanayi) da suke bari ya tsiyaye ya wuce ƙa'ida: dala 900 kan kowane tan a 2024, aka kuma tsara ta hau zuwa 1,500 a 2026.

2. An yi ta cewa "an soke". Da sauran magana. A Maris 2025 Trump ya sa hannu kan ƙudurin majalisa da ya rushe ƙa'idar karɓar kuɗin ta hukumar kare muhallin Amurka (EPA), a Yuli kuma aka ɗage tarar zuwa 2034. Ɗagewa ce.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce kuɗin a kan talaka zai ƙare. Wasu sun ce gas ɗin da ke tsiyayewa haja ce, toshe inda bututu ke yoyo riba ne. Ni dai na karkata ga ra'ayi na biyu.

4. Masu kawo misalin ƙona gas a Neja Delta sun ce tara ba ta da amfani in ba mai bin sawu.