Dila marar lafiya ya shigo garkena da rana tsaka, me ya kamata in yi?

Mai Kiwo daga Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Kumasi, amma ina da ɗan garken tumaki da shanu a wani ƙauye kusa da Ejura, inda ɗan yayana yake kula da su. Jiya da azahar ya kira ni ya ce wani dila ya fito daga ciyawa har bakin kwamin ruwa, yana tangaɗi kamar ƙafafunsa na baya ba sa ɗaukarsa, yawu na dalala daga bakinsa, kuma ko da yara suka yi ihu suka jefe shi bai gudu ba. Karenmu ya far masa, ya fito da rauni a kunne, dilan kuma ya ciji tunkiya guda a hanci kafin ya shige ƙarƙashin rumbu, inda yake kwance har yanzu. Yaron ya wanke wa karen kunne da hannunsa. Maƙwabta suna cewa a sa guba a nama a jefa masa, a yanka tunkiyar kafin ta lalace. Ina neman shawarar masu sani.

Tsohon Malamin Dabbobi daga Asawase:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar dila da tunkiya, a fara da yaron. Dabbar dajin da ta daina tsoron mutane, ta fito da rana tana zubar da yawu, ana ɗaukarta a matsayin mai cutar haukan kare har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ƙwayar cutar a cikin yawu take, kuma tana iya shiga ta ɗan tsagar da ke yatsa ko ta ido. Ya wanke hannuwansa da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti yau, ya faɗa musu abin da ya faru dalla-dalla domin su duba ko zai fara allurar rigakafi. Kada ya jira alama, domin cutar takan ɓuya wata biyu zuwa uku, kuma da zarar ta bayyana kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya.

Dilan kuwa, kada kowa ya matsa kusa da rumbun, a janye yara da dabbobi, a sanar da ofishin likitan dabbobi na gunduma da ma'aikatan Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji. In ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kansa, saboda da ƙwaƙwalwar ake yin gwajin da zai tabbatar da cutar. A ɗaure karen a wurin da ba zai kai ga kowa ba. Tsaron kwana 10 da mutane suka sani na karen da ya ciji mutum ne; wanda dabba mai cutar ta ciza, tsaronsa na watanni ne, musamman in ba a taɓa yi masa allura ba. Haka tunkiyar: a ware ta, kada a yanka, kada a sayar, sai likita ya gan ta.

Mafarauci daga Sabon Zango:

Malam, ina girmama iliminka, amma na sha ganin dila mai ƙazuwa, gashinsa ya zube, fatarsa ta yi kauri ta tsattsage, yunwa ta koro shi gidajen mutane. Ba duk marar lafiya ne mahaukaci ba. Sai dai na yarda ido ba ya rabewa, kuma rawar ƙafa da yawun nan ba na ƙazuwa ba ne. Guba kam ban goyi baya ba ko kaɗan, domin gawar da ta ci guba takan kashe ungulu da karnukan gari da suka taru a kanta.

Hajiya daga Alabar:

Alhaji, ka ja kunnen yaron game da shanun ma. Saniyar da ta kamu takan yi ta kuka da wata murya shaƙaƙƙiya, ta kasa haɗiya, yawu ya cika mata baki, sai makiyayi ya zaci ƙwallon mangwaro ne ya maƙale mata, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har maƙogwaro. Ta nan ma mutum zai iya kamuwa. Sannan in karen yana da 'yan'uwa a ƙauyen, a kai su allura, ana farawa tun suna wata uku.

Mai Kiwo daga Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Yaron yana kan babur zuwa asibiti yanzu, an ɗaure karen a tsohon ɗakin ajiya, tunkiyar kuma tana turke ita kaɗai. Gobe da asuba zan kama motar Ejura in je ofishin likitan dabbobi da kaina. Malam, in dilan ya mutu kafin ma'aikatan su iso, a rufe gawar da kwano a bar ta a wurin, ko akwai yadda za a adana ta saboda zafin rana?