Katakon bakin taga a ɗakin jirgina ya dare, gyara ko sauyi?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan jirgin ruwa na faiba mai inji, tsawon mita 6, na hannu ne daga Legas. Da shi nake zagayawa da masu shan iska a tafkin Jabi da ke Abuja ranakun Asabar da Lahadi. Yana da ƙaramin ɗaki a gaba, benci biyu, taga a kowane gefe. Siririn katakon nan da ya bi bakin taga, wanda kafintoci ke ce wa moldin, shi ne ya dare. Na hannun dama ya tsage tun daga kan sukuru na farko har kusan kamu biyu, bakinsa ya miƙe kamar tsinke. Makon jiya ya kama mayafin wata baiwar Allah ya yage a gaban 'ya'yanta. Ta ce ba komai, amma wallahi abin yana nan yana cina.

Bara na kira wani kafinta ya cika tsagar da gam da garin katako, ya bi da sanfefa, ya shafa fanish. Ya yi fes har ƙarshen damina. Hunturu na shigowa ya sake buɗewa, ya ma fi na da. In sake liƙewa ne, ko in ɓamɓare duka? In sauyi ne, da wane katako?

Tsohon Kafinta, Kugbo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ɓamɓare shi, kada ka ƙara zuba kuɗinka a gam. Katako ko ya shekara ashirin a jiki bai daina shan iska ba: da damina ya kumbura, da hunturu ya motse, kuma ta faɗi yake motsin, ba ta tsawo ba. Faiba kuwa ba ruwanta da laima. To ka ɗaure mai motsi a jikin marar motsi da sukuru a matse, ina zai je in ba ya dare ba? Shi ya sa ka ga tsagar ta taso daga ramin sukuru. Wannan jirgi ya saba da laimar Legas, ka kawo shi garin da leɓe ma ke tsagewa a watan Janairu.

Ka je kasuwar katako ta Dei-Dei ka nemi katakon loko busasshe. Yana da maiƙo a jikinsa, ruwa ba ya cinsa da wuri. In bai samu ba, ka ɗauki maɗaci. Kada wani ya lallaɓe ka da MDF, allon nan na matsattsen garin katako, don ya fi laushin aiki, ruwa na taɓa shi zai tashi kamar burodi. In an yanka maka, ka ajiye shi cikin ɗakin jirgin mako biyu kafin a ɗaura. A shafa fanish gaba da baya, har da bakin yanka, don ta nan ya fi zuƙar ruwa. A huda ramin ya ɗan fi sukurun faɗi, a ɗaure da hannu. Kuma ka cire tsohon a hankali, shi ne ma'auninka. Inda ya karye ka zana da kwali. Mai goge lokon ya rufe hancinsa, ƙurarsa ba ta da daɗi.

Ɗan Yauri:
Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Sai dai Malam, abu ɗaya ya tsaya mini: me ya sa na dama kaɗai? Hunturu ai bai zaɓi gefe ba. Mu da muka tashi a bakin kogin Kwara, in katako ɗaya ya lalace ya bar ɗan'uwansa, ruwa muke fara tuhuma. Ka cire moldin ɗin, ka sa yaro ya riƙa kwara bokiti a tagar daga waje, kai kana ciki da tocila. Sannan ka ƙwanƙwasa bangon da gindin sukudireba. Inda yake lafiya zai amsa ƙwas-ƙwas, inda filawud ɗin ciki ya ruɓe za ka ji dum.

In tagar na yoyo, a cire ta gaba ɗaya, a kankare tsohon abin liƙi tas, a sake zaunar da ita da abin liƙi na jirgi irin su Sikaflex. Kada a bi bakinta da silikon ta sama, ba ya daɗewa, kuma duk inda ya taɓa, fenti ba ya kamawa a wurin. Sukuru kuma ka nemi na sitenles, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 316 in ka samu, ko da yake a ruwan Jabi da ba gishiri 304 ma ya wadatar. Ka tafi kasuwa da maganaɗisu a aljihu: wanda ya manne ƙam, ka mayar musu da kayansu. Ka auna tsawonsa da tsohon, kada ya ɓulla waje.

Abu Sadik, Gwarinpa:
Ni da ni ne, na roba zan sa, irin na PVC. Ba ya ruɓewa, ba fanish, kuma yana bin lanƙwasa.

Tsohon Kafinta, Kugbo:
A gindin rufi inda rana ba ta kaiwa, na yarda da kai. A bakin taga kuwa na kasuwa ba ya jure rana, sai ya bushe ya riƙa ɓallewa. In lanƙwasar ce damuwa, a tsaga lokon sirara uku, a haɗa da gam ɗin ifoksi a kan siffar tagar, a matse ya kwana.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Yauri, ka canka. Da safen nan na cire shi, bayansa baƙi ƙirin, sukuru uku sun yi tsatsa har ɗaya ya karye a ciki. Bokiti na biyu ruwa ya fara tsattsafowa ta kusurwar sama. Bangon dai yana amsa ƙwas sai wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu a ƙasan tagar. Na fasa fita wannan Asabar ɗin. Baba, in Allah ya kai mu Litinin zan biyo Kugbo da guntayen tsohon a cikin buhu ku duba mini kaurinsa kafin in wuce Dei-Dei.