Neman kalmar Hausa: tamostat, da iskar murhun ɗumama ɗaki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Shekaranjiya na kawo cigiyar kalmar Hausa da za mu kira tamostat da ita, wato na'urar da ke tsayar da zafi a wuri guda, da wasu sunaye na murhun ɗumama ɗaki, kun kuma yi mini ruwan amsoshi, Allah ya saka da alheri. Ga inda maganar ta kwana a wurina, tare da bayanin abin tun daga tushe saboda waɗanda ba su ga farkon zancen ba.

Ina zaune a wani ƙauye kusa da Bargamo, a arewacin Italiya, gindin duwatsu. A yankinmu lokacin ɗumama gidaje a hukumance yana farawa 15 ga Oktoba ya ƙare 15 ga Afrilu, wata shida cur. Gidan da nake haya tsoho ne, kuma abin da ke riƙe da mu a cikin sanyin nan wani murhu ne na ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙugu, da tagar gilashi a gaba inda ake ganin wuta. Ba a girki a kansa, aikinsa ɗumama ɗaki kawai, kamar kaskon wutar da ake shigar wa tsofaffi da hunturu, sai dai shi hayaƙinsa ta bututu yake fita waje.

Abin da yake ci garin katako ne da aka matse a inji ya fito guntu-guntu, kaurin milimita 6, kamar abincin kifin da ake sayarwa a buhu. Ba a sa masa gam, zafin matsi ne ke narkar da danƙon da ke jikin itacen ya haɗe shi. Buhu ɗaya kilo 15 ne, kuma kilo biyu nasa yana ba da zafi kusan na lita ɗaya ta man ɗumama gida. Sunan wannan ba mu daɗe a kansa ba. Wani ya ce "ƙwayar katako", aka tuna masa abin da kunne ke fara ji yau idan an ce ƙwaya. Wata Hajiya da ke zaune a Kanada ta ce ita "tsaba" take ce wa 'ya'yanta, don ana zuba ta kamar dawa, ana aunawa da kwano, kuma in ta sha laima ta lalace. Na karɓa hannu biyu. Tsabar katako, murhun tsaba. Akwatin da ake zuba ta a saman murhun kuwa, babu mai gardama, rumbu ne.

Inda aka ja daga shi ne tamostat.

Makon jiya na ƙara wa murhun nan ɗaya, irin wanda ba a jan waya daga ɗaki zuwa ɗaki. Dalili: ma'aunin da murhun ya zo da shi yana manne a bayansa, inda ya fi ko'ina zafi a gidan. Falo zai yi ɗumi, murhu ya ɗauka aiki ya ƙare ya lafa, alhali ɗakin yara yana can kamar randa. Abin da na sayo kashi biyu ne. Ɗaya ɗan akwati mai batir, bai fi tafin hannu ba, na rataye shi a bangon lungun da ke zuwa ɗakunan kwana, tsayin kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da ƙofa da hasken rana. Ɗayan yana zama a bayan murhu, siraran wayoyi biyu suna fita daga jikinsa su shiga wasu ramuka biyu da masu ƙera murhun suka tanada. Na cire filogi tukuna, na zare 'yar guntuwar wayar da ta haɗe ramukan, na sa nawa. Wanda zai yi irin wannan ya kula: ramukan nan ba a ba su wutar lantarki, haɗewa da rabuwa kawai suke jira, in aka tura musu wuta allon murhun ne zai ƙone. Na sa digiri 20. In ɗumi ya sauka, na bango ya aika saƙo ta iska, na baya ya haɗe wayoyin, murhu ya tashi. In ya cika, ya raba su.

Da daddare na kira Kawuna a Katsina. Maƙeri ne, ya haura saba'in, kuma duk abin da ya shafi wuta yana son jin ƙarshensa. Na ce, "Kawu, na sa wa murhun nan ma'aunin zafi." Ya ce, "To, ɗana, in ya auna sai me? Mai awo a kasuwa ai ba shi ke cewa a ƙara ko a rage ba." Na tsaya ina kame-kame. A nan na gane kalmar da na yi shekaru ina faɗa ba ta kai ba, kuma daga nan cigiyar ta taso.

Ma'aunin zafi sunan wani abu ne daban, wanda ake sa wa yaro a hamata a asibiti. Shi ya faɗa maka lamba ya yi shiru. Tamostat yana aunawa, sannan ya ba da umarni, kuma umarnin ne ya sa ake sayensa. Ko asalin kalmar haka ta nuna: Girkanci ce gaɓa biyu, ɗaya zafi, ɗaya tsayawa, wato tsayar da zafi a wuri guda. Wani masanin sinadarai ɗan Sikotlan, Andrew Ure, ya yi rajistar irin mai ƙarfe biyu a 1830. Ƙarafa biyu ake mannawa baya da baya, ɗaya ya fi saurin miƙewa in ya ji zafi, sai su lanƙwashe su buɗe ko su rufe hanya. Da na yi wa Kawu wannan bayanin bai ko yi mamaki ba, ya ce ai tagulla da baƙin ƙarfe ba sa jin wuta daidai, kowane yaron maƙera ya sani.

Kuma kada a ce abin na ƙasashen sanyi ne kaɗai. "Ƙas" ɗin nan da dutsen guga na lantarki ke yi fitilarsa ta mutu, shi ne. Shi ke sa firij ya yi gunji ya huta. Shi ke riƙe injin ƙyanƙyasar ƙwai wajen digiri 37 da rabi har kwana 21. Shi ne kuma abin da makanikai da yawa ke cirewa daga motocin da aka shigo da su, a ce wai na ƙasar ƙanƙara ne, alhali aikinsa ya tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafin da ya dace. Ina ganin da yana da suna mai faɗin aikinsa, da mai mota zai tsaya ya yi tambaya kafin a jefar masa da shi a kwandon gareji.

Da yawa kun ce a bar shi tamostat, tunda bakin makanikai ya riga ya saba. Ba na faɗa da aro. Mota, kwamfuta, lagireto, duk mun aro mun riƙe, sun zama namu. Amma waɗannan ido na ganinsu, da an nuna maka sau ɗaya ka gama sani. Wannan kuwa a ɓoye yake a cikin na'ura, sunansa ne kawai zai gabatar da shi, kuma tamostat ba ta gaya wa Inna komai.

Malam, kai da ka rubuto daga Zariya ka ce "madaidaicin zafi", Allah ya ƙara ilimi, ginin kalmar daidai yake, daga daidaita. Matsalar ita ce madaidaici ta riga ta yi gida a wani wuri. In na ce na sayi madaidaicin gida, kowa ya san ba babba ba ne ba ƙarami ba. Mai jin "madaidaicin zafi" zai ɗauka zafin ne ba yawa ba kaɗan, ba zai kawo na'ura a ransa ba. "Mai gadin zafi" ta fi kusa, sai dai mai gadi hana shiga da fita yake yi, ba ya cewa a ƙara wuta. "Akalar zafi" ta burge ni kwana guda. Amma akala ja take yi gaba, raƙumi na bin ta, ba a cika tuna ta wajen tsayarwa ba.

Wanda ya zauna mini shi ne linzamin zafi, kuma wani ƙane ne daga Damagaram ya kawo shi, ɗan gidan masu dawaki. Ya ce, "Yaya, abin da ka kwatanta ai linzami ne. Doki na da ƙarfinsa, linzami ba ya ƙara masa ko kaɗan. In ya yi gaggawa a ja, in ya yi nawa a saki." Na karanta na sake karantawa. Haka abin yake ƙwarai. Ɗan akwatin nan ba ya haifar da zafi ko na ashana ɗaya, murhu ke da wuta, shi ja da saki ne nasa. Ga shi kalmar ta zo da 'yan rakiyarta, ba sai mun ƙera wasu ba: linzami ya ja, linzami ya saki, an ɗaure linzami a 20. Hausa ma ta taɓa ɗaukar kalmar nan ta kai ta duniyar na'ura, kullum muna jin makami mai linzami a rediyo ba wanda ya ce a fassara masa.

An yi suka, kuma mai ma'ana ce. Wani dattijo ya ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, kalmar ta yi wa ɗan abin cikin dutsen guga girma. Baba, na ji, amma ina ganin girman linzami ba a jikinsa yake ba. Ɗan ƙarfe ne da bai cika hannu ba yake juya ingarma.

Har wani sirrin aikin kalmar ta taya ni bayyanawa. Mahayin da ke fizgar linzami kowane taku yana ɓata bakin doki. Murhun tsaba ma haka. Kowane tashi sai wani ɗan sandan ƙarfe ya yi ja ya kunna tsabar, Italiyawa suna ce masa 'yar kyandir, ana ɗaukar mintuna kafin wuta ta kama, kuma yawan kunnawa da kashewa ke cinye shi. Shi ya sa ake barin tazara, kamar digiri ɗaya, tsakanin inda zai ja da inda zai saki. Wasu murahun ma ana iya sa su kada su mutu gaba ɗaya, in an ja linzami su koma ƙaramar wuta su jira. A tsakiyar hunturu wannan na zaɓa.

Batun rashin waya ya ɗan ba mu wuya, don waya yau ta zama abin da ke aljihu. In ka ce "mara waya" sai a ɗauka ba ya haɗuwa da salula. Kakanninmu sun ce wayar iska, kalma mai kyau, amma ta tafi da zamaninta. Tunda mun hau doki, na ce mu ƙarasa a kansa: linzami mara igiya. Kawu ya gane nan take.

Saura iska. Bayan na gama haɗa linzamin sai na lura, duk sanda murhu ya koma ƙaramar wuta gilashin yana yin baƙi kafin gari ya waye. Na durƙusa na zuba ido. Harshen wutar dogo ne, ja-ja mai duhu, yana rangaji a kasalance, bakinsa na fitar da baƙin hayaƙi, tsaba kuma ta taru a ɗan kaskon ƙonawa ba ta cinye ba. Na juya kyamarar waya na nuna wa Kawu. Bai bari na gama magana ba ya ce, "Wutar nan yunwar iska take ji. A zuga ta."

A zuga ta. Kwana biyu ina juya "gudanar iska" da "kwararar iska" a baki suna yi mini nauyi, ashe maƙera sun gama aikin tun kafin a haife mu. A cikin murhun akwai fanka mai jan hayaƙi waje, jan nan ne ke shigo da sabuwar iska ta ƙananan hujojin kaskon. Zuga-zugi ne, sai dai na lantarki. A wasu murahun, musamman na Amurka, wani ɗan ƙarfe ake turawa ko a jawo don a buɗe ko a tsuke mashigar iskar. A nawa ta madannai ake ƙara wa fankar gudu mataki-mataki. Ko ta wace hanya, sunan aikin ɗaya: ƙara zuga, rage zuga.

Kafin na taɓa madannan, Kawu ya sa na kashe murhun na bari ya huce, na ciro kaskon. Rabin hujojin toka ta toshe su, ta daskare kamar kashin maƙera. Na kankare, na share, na duba igiyar da ke toshe bakin ƙofar murhun ko iska na satar hanya ta nan. Sannan na ƙara zuga mataki ɗaya na jira kwata, don wuta ba ta nuna halinta nan take. Na ƙara na biyu, sai ta gajarce ta yi fari tana huci, garwashin tsaba na tsalle daga kasko kamar gugguru. Kawu ya ce, "Ka wuce. Wannan zafinka take kwashewa ta kai waje." Na dawo baya ɗaya. Harshen ya miƙe rawaya mai haske, yana motsi da kuzari, tokar da ta biyo baya kuma fara-fara mai laushi.

Abu ɗaya da ba zan bari ya wuce ba: wutar da zuga ta yi mata kaɗan tana haifar da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin ta gawayi a rufaffen ɗaki da ta janareta, wadda ta sha raba mu da mutane suna barci. Duk mai murhun tsaba ya rataye ƙararrawar da ke jin ta, ya kuma kira ma'aikaci ya wanke bututun hayaƙi kowace shekara. Linzami zafi kaɗai ya sani, bai san guba ba.

Akwai guda da har yanzu ban samu ba. Tsakanin rumbu da kasko akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa a hankali yana ɗebo tsaba kaɗan-kaɗan yana zubowa, ana jin saukarta ƙwas-ƙwas cikin dare. Italiyawa sun ba shi suna daga dodon koɗi saboda murɗewar. Masu injin niƙa da masu injin matse gyaɗa, akwai irinsa a wurinku, me kuke ce masa a bakin aiki? Kawu ya ce shi "maɗebi" zai kira shi kafin ku amsa.