Yaron da ya sauke a gida, za a bar shi ya hau layi da 'yan ajinsu?

Maman Khalifa, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Shawara nake nema daga wanda abin ya taɓa faruwa da shi. Ɗana Khalifa shekararsa 13, yana da galahanga, wato autism, lalurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane. A asibitin Malam Aminu Kano aka tabbatar mana yana ɗan shekara 5. Ya fara Islamiyyar unguwarmu da sa'o'insa har aji uku, daga nan abin ya gagara. Yara cike da aji kowa na ɗaga murya da karatu, shi kuma sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin benci yana jijjiga. Muka cire shi. Malamin ajinsu, Allah Ya saka masa da alheri, shi ya ci gaba da zuwa gida bayan la'asar, shekara biyar ke nan. A watan jiya Khalifa ya ƙarasa Baƙara, izu sittin cif.

To 'yan ajin nasu za a yi musu sauka a Sha'aban. Ɗan maƙwabtanmu ya shigo da yadin ankonsu yana nunawa, Khalifa ya shafa yadin ya daɗe, sannan ya ce, "Umma, ina nawa?" Yaron da sai ya wuni bai haɗa kalma biyar ba. Babansa ya je wajen shugaban makarantar, shugaban ya ce sunan Khalifa ba ya cikin rajista, kuma akwai manyan baƙi, yana gudun abin da zai faru a gabansu. Akwai wanda aka bar nasa ya shiga? Yaya kuka yi?

Malam Abu Hafsa, Tarauni:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni hedimasta ne a wata makarantar kuɗi, boko da Islamiyya haɗe. Abu biyu ake cakuɗawa a nan, takardar shaida da hawa layi. Takarda tana da ƙa'ida. A ɓangaren boko, wanda ba ya cikin rajistarmu ba mu da makin ayyukansa na aji, ba za mu iya shigar da shi WAEC ko NECO da sunan makaranta ba. Shi ya sa aka yi ta 'yan waje da ake zanawa daban. Amma bikin yaye ɗalibai namu ne, mu muke kafa rumfa, mu muke rubuta sunayen da za a kira. A sauka ma abin ya fi sauƙi, domin karatu a baki yake. A zaunar da yaro gaban malamai uku, a buɗe masa ko'ina a ce ja. In ya ja, me ya rage?

Shekaran jiya-jiyan nan, bara waccan, muka yi da wata yarinya mai irin wannan lalura da ta bar mu a aji huɗu. Wasu iyaye suka yi ƙorafi, wai su sun biya kuɗin zango shekara shida. Na ce ta biya kuɗin biki kamar kowa, magana ta mutu. Kuskuren da na yi, wanda har yau yake damuna, shi ne na bar ta sai ƙarshe, na sa mai gabatarwa ya yi dogon bayani a kan lalurarta. Mutane suka yi ta "Allah sarki". Na ga fuskar mahaifiyarta ta canza. Da yanzu ne, sunanta kawai zan kira a inda harafinta ya faɗo.

Maman Ilham, Ɗorayi:
'Yar'uwa, ni an bar tawa ta shiga, kuma da kuka muka dawo gida. Ba na faɗa don in karya miki gwiwa ba. An ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai sha ɗaya saura. Rana ta take, janareta a bayan kujerunmu, baƙi suna ta jawabi ɗaya bayan ɗaya. Ilham ta yi haƙurin awa biyu, wallahi ta yi ƙoƙari. Sai lasifika ta yi wannan ƙarar mai tsinka kunne. Ta ƙwalla ihu, ta fizge hijabin ta kwanta a ƙasa. Nan take mata suka yanyame ta, wata dattijuwa tana cewa iska ce ta tashi, wannan na tofi, waccan na yayyafa ruwa, kowa na taɓa ta, alhali taɓawar ce ta fi komai tayar mata da hankali. Ina ɗagowa na ga wani yaro yana ɗaukarmu a waya.

Ni duk ƙarfina na ƙarar da shi wajen neman izini. Da aka ce an yarda sai na ɗauka an gama. Ban taɓa kai ta ta ga wurin ba, ban tambayi inda za a ajiye lasifika ba. Kusan wata guda ko hanyar makarantar ba ta yarda a bi da ita.

Baban Mu'azzam, Hotoro:
Allah Ya ba ki lada Maman Ilham, abin da kika faɗa shi muka ji tsoro. Namu ya yi sauka bara kuma an tashi lafiya, bari in faɗi abin da muka yi dalla-dalla ko zai yi amfani.

Alhamis da Juma'a ba karatu, makaranta fayau. Sati uku a jere ina kai shi ranar Alhamis da malaminsa. Mu shiga ta ƙofar da zai shiga, ya zauna a inda zai zauna, malam ya kira sunansa, ya taka zuwa gaba yana ƙirga taku, ya karanta Fatiha da farkon Baƙara zuwa "muflihun" kamar yadda ake yi, ya juyo. Taku goma sha bakwai ne, har yau yana faɗa. Shaddar ankon kuwa sai da uwarsa ta wanke ta sau biyu ta kashe ƙarfinta, ta sa tela ya yi wuyan da faɗi, ya yi ta sawa a gida har ya saba. Hula ya ƙi, muka bar shi.

Ranar ba mu je da wuri ba. Wani malami ya kira ni a waya da aka gama jawabai, muka shigo, kujerarsa a bakin layi kusa da ƙofa, nesa da lasifika, da abin toshe kunne irin na masu aikin inji a kansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kabbara. Kun san yadda ake yi, yaro na gamawa a ce "Takbir!" wuri ya ɗauka. Na roƙi mai gabatarwa tun da dare. Da Mu'azzam ya tashi sai kawai ya ce, "Jama'a, wannan ɗalibin a yi masa masha Allah a hankali." Bai ƙara komai ba. Wallahi filin nan ya yi tsit, yaron ya karanta, aka ji "masha Allah" ƙasa-ƙasa ta ko'ina. Ni dai ban iya ɗaga kaina ba.

Masu liƙi kuma muka ajiye musu faranti a kan tebur, kada a yi masa rubdugu. Minti ashirin muka yi gaba ɗaya muka fito.

Anti Zee, Kabuga:
Na karanci ilimin masu buƙata ta musamman a BUK, kuma na raka iyaye biyu irin wannan zama. Doka tana bayanku. Dokar hana nuna wariya ga masu lalura ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba. Amma a gogewata, wanda ya shiga ofis da doka a baki sai mai makaranta ya ƙanƙame rajistarsa, tunda yaron ba ɗalibinsa ba ne a takarda. Abin da ya yi mana aiki shi ne rubutaccen tsari shafi ɗaya: ga inda zai zauna, ga wanda zai riƙe shi, ga ƙofar da za a fita da shi in ya gaji. Tsoro ne yake damun yawancinsu, ba mugunta ba. Nakan kuma tuna musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga, to ko a cikin ɗalibansu na rajista da wuya a rasa.

Alhaji Ɗanjuma, Kurna:
Mu an hana mu ƙememe, har limamin unguwa ya sa baki ba a ji ba. Muka yi wa ɗanmu tasa saukar a ƙofar gida bayan sallar asuba, aka shimfiɗa tabarmi, malaminsa da liman da abokansa biyar, aka yi waina da kunu. Ya karanta lafiya lau, ya ma fi sakewa. Sai dai ba zan ɓoye ba, hoton 'yan ajin da aka ɗauka a makaranta, in ya gani a gidan ɗan'uwansa yakan tsaya yana bin fuskokin da yatsa.

Ɗan Farm Centre:
Umma, ki yi haƙuri in sa baki. Ni ina da galahanga, shekarata 24, gyaran waya nake yi. A gida na yi yawancin karatuna, NECO ta 'yan waje na zana. Kowa a nan yana faɗin abin da iyaye suka ji. Ni da aka tambaye ni, da na ce taron ba na so. An kai ni na ƙanwata, awa uku, kaina kamar zai fashe. Rigar nake so da hular, da hoto, a rataye a falo kusa da nata. Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma a lokacin ban san yadda zan faɗa ba. Khalifa ya ce "ina nawa". Ki gano nawa me. Kada ki yi masa tambaya mai faɗi, ba ma iya amsa irinta. Ki nuna masa abu biyu-biyu ya zaɓa.

Maman Khalifa, Rijiyar Zaki:
Na gode ƙwarai, Allah Ya raya mana su. Ɗana na Farm Centre, na yi yadda ka ce. Na nuna masa hotunan saukar yayansa ɗaya bayan ɗaya. Rumfa da jama'a ya ture. Ya ɗora yatsa a kan allon zayyana, sannan a kan layin yaran, ya kira sunan ɗan maƙwabtan nan namu sau biyu. Kusa da shi yake so ya tsaya.

Malaminsa ya samu shugaban makarantar jiya. Shugaban ya yarda a gwada karatun Khalifa ranar Asabar gaban malamai uku, maganar layi kuwa ya ce sai kwamiti ya zauna. Anti Zee, zan rubuta shafin nan yau da dare, ki duba mini kafin babansa ya kai. Allon dai na riga na ba da aikinsa a kasuwar Kurmi, ko a makaranta ko a ƙofar gida zai riƙe shi. Baban Mu'azzam, don Allah a ina ka samu abin toshe kunnen, kuma akwai daidai kan yaro?