Wa Ake Kira Ɗan Bariki? Muhawarar Zauren Hausawan Legas

Baffa Mai Albasa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau kwana uku ban runtsa ba. Ɗan yayana da aka ba ni amana, na ɗauko shi daga gida na sa shi a wata jami'a a nan Legas, yana aji uku, an dakatar da shi zango biyu. An binciki ɗakin kwanansu an samu katin ƙwayar tramol mai miligiram 225 har huɗu da ƙananan ledojin giya a jakarsa. Yaron da ya sauke Alƙur'ani yana shekara 14! Da gumin albasar Mile 12 na biya masa komai, ban taɓa barin sa da yunwa ba. Ni dai lafiya lau na kawo shi, 'yan barikin Legas ne suka lalata min shi. Tun shekaranjiya na kulle shi a ɗaki, sai gumi yake yana rawar jiki, ko abinci ba ya iya ci. Ubansa bai sani ba tukuna. Ku ba ni shawara don Allah.

Goggon Idi-Araba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya shirye shi, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Ɗan Zango: Allah ya kyauta Baffa, amma ka janye kalmar nan. Su wane ne 'yan bariki? Mu da aka haifa a Agege kake nufi? Kakana a Zango aka binne shi, ubana ma haka. Shekara 41 ina garin nan ban san ɗanɗanon giya ba. Kullum idan yaronku ya yi ɓarna sai ku ce mu ne.

Baffa Mai Albasa: Ɗan'uwa ban ambaci Agege ba.

Ɗan Zango: Ba sai ka ambata ba. Mun san abin da kuke faɗa idan kun koma gida da sallah. Wai Bahaushen Ikko ba shi da tarbiyya, Hausarsa ma ta gauraye da Yarbanci. Idan kun sauka daga mota ba ku san kowa ba gidajenmu kuke kwana, idan kun yi kuɗi mu zama 'yan bariki.

Bakanon Apapa: Gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci. Baffa bai yi ƙarya ba. Ina ne ake jera giyar leda a faranti a tashar mota tun asuba kamar gyaɗa? Ku je Oshodi, ku je Obalende ku gani. A Kano wa ya isa ya yi haka? Da Hisba ta kwashe shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ɗan Zango: Kano? Kai Bakano har kana da bakin magana? A 2017 a zauren Majalisar Dattawa aka ce ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Da gwamnati ta hana maganin tarin nan a watan Mayun 2018, don 'yan Agege ta hana? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bakanon Apapa: To kodin ɗin a Kano ake yin sa? Tramol ɗin ta ina yake shigowa? Ni nake jan tirela a Apapa, a kan idona ake kama kwantena. Ku kuke shigo da shi, mu ake kai wa.

Anti Nas: Don Allah ku dakata. Baffa, ka ce yana gumi yana rawar jiki? Ka buɗe ƙofar nan yanzu. Wannan alamar jikinsa ya saba da ƙwayar ne, an yanke masa ita rana ɗaya. Ka tambaye shi a hankali, ba da tsawa ba: guda nawa yake sha a rana, yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazefam, giyar kullum yake sha ko jefi-jefi? Ka amsa min.

Ustaz na Alaba Rago: Ni abin da ya dame ni daban ne. Kowa sai maganar ƙwaya yake, an manta da giyar. Ita ce uwar laifuka. Kuma tushen abin shi ne tura yaro ɗakin kwanan makaranta inda babu mai tashin sa sallar asuba. Yaro ya bar gaban manya, ya shiga cikin waɗanda ba addininsu ɗaya ba, me ake jira?

Ɗan Aji Huɗu: Malam, da girmamawa, ba haka abin yake ba. Ni ɗalibi ne a nan Legas, a ɗakin kwanan makaranta nake. Abokan ɗakina biyu Kiristoci ne, ko sigari ba sa sha. Waɗanda na sani suna shan tramol a cikinmu da yawa ba don holewa suka fara ba. Lokacin jarrabawa ne, mutum yana son ya kwana karatu, wani ya ba shi rabi ya ce zai hana shi gajiya. Wani kuma da rana yana aji, da dare yana aikin ƙarfi don ya haɗa kuɗin makaranta. Daga rabi sai ɗaya, daga ɗaya sai uku. Kuma ba wanda zai je asibitin makaranta ya faɗa, don tsoron kada sunansa ya kai kwamitin ladabtarwa.

Ustaz na Alaba Rago: Kai yaro, uzuri kake nema musu? Mu da muka yi karatu da fitilar aci-bal-bal wace ƙwaya muka sha?

Ɗan Aji Huɗu: Ba uzuri ba ne Malam, yadda abin yake faruwa nake faɗa.

Ɗan Zango: Ku bar wannan, ni har yanzu ba a amsa min ba. Kun san ma daga ina kalmar bariki ta fito? Daga barikin soja ne. A 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar Hausawa a nan Legas, daga ita sojan Najeriya ya samo asali. Obalende da kake zagi, Bakano, sojojin nan ne suka zauna a can. Idan bariki ce to mu muka riga kowa, kuma ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka zo garin mutane ka ci arziki kana zagin waɗanda suka share maka wuri.

Bakanon Apapa: Tarihi ba ya hana gaskiya. Binciken da aka yi ma ya nuna Legas ta fi ko'ina.

Ɗan Zango: Wane bincike? Kawo shi mu gani.

Bakanon Apapa: A rediyo na ji.

Ɗan Aji Huɗu: Akwai shi, mun karanta shi a aji. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka yi a 2018. Mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka sha wani abin maye a faɗin ƙasa a shekarar da ta gabaci binciken. Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4 cikin 100, Legas kashi 33, Kano kashi 16.

Bakanon Apapa: Allahu Akbar! Ɗan Zango ka ji ko? 33 da 16. Ninki biyu har da ɗori.

Ɗan Aji Huɗu: Amma Yaya, lissafin na duk mazauna jihar ne, ba na Hausawan Agege ba, ba kuma na ɗalibai ba. Kuma mafi yawa wiwi ne, mutum miliyan 10.6 a faɗin ƙasa. Giya ma ba ta cikin wannan adadin.

Ɗan Zango: Ka ji dai. Ba mu ba ne. Kuma a Kano wa zai yarda ya gaya wa mai bincike yana sha? Ɓoyewa kuke yi, shi ya sa naku ya yi ƙasa.

Goggon Idi-Araba: Ni duk wannan ba ya gabana. Kuna ta yara maza yara maza, 'yan matan fa? A gidan biki na ga 'yan mata da kwalbar lemo a hannu, ashe ba lemo ne a ciki ba. Uwayen suna zaune a wajen ana ta liƙi. Mu iyaye mata laifinmu ne, mun koma neman kuɗi da gasar anko.

Uwar Biyu: Goggo ki yi haƙuri, kullum uwa. Uban yana ina? Ya fita tun duhun asuba ya dawo sha ɗayan dare, bai san ajin da ɗansa yake ba. Kuma wane biki kike nufi? Don na san bikin da aka yi kwanan nan a unguwarku na 'yar ƙanwata ne.

Goggon Idi-Araba: Ban kama suna ba 'yar nan. Mai kaza a aljihu shi ke tsoron a ce kur.

Uwar Biyu: Allah ya isa idan da mu kike.

Sakataren Zaure: Hajiyoyi don girman Allah. Maganar biki a kai ta gefe.

Anti Nas: Baffa har yanzu ina jiran ka. Bari in faɗa a fili ko wani zai amfana. Tramol da likita ke rubutawa mai 50 ne ko mai 100, kuma ko mara lafiya ba a wuce 400 a yini. Mai 225 ɗin nan ba a yarda da shi ba a ƙasar nan sam. Guda biyu kawai sun haura iyaka, shi ya sa za ka ga yaro ya faɗi yana farfaɗiya a ce aljanu ne. Idan aka haɗa shi da giya ko roci numfashi yake dannewa, yaro ya kwanta barci ya wuce daga nan. Wanda kuma ya saba da giya ko diyazefam kullum, yanke masa lokaci guda yana iya jawo jijjiga mai kisa. Shi ya sa ake rage wa mutum a hankali a gaban likita. Kulle ɗaki ba magani ba ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba yana da sashen masu fama da shaye-shaye, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba ma akwai likitocin. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA kuma tana da layin kira kyauta dare da rana, masu ba da shawara ne ke ɗauka.

Bakanon Apapa: Yaba? Asibitin mahaukata za a kai ɗan mutane? Idan labari ya kai gida wa zai ba shi mata? Baffa ka sa shi a mota ka kai shi wajen malam a gida, wata uku a mari zai dawo hayyacinsa.

Anti Nas: Ka manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019? Mutum sama da 300 aka fito da su, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Na roƙe ka kada ka ƙara ba wani wannan shawarar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara a ce ya je Yaba da a ce an kai shi makwanci.

Ustaz na Alaba Rago: Ba duk malamai ne haka ba, Hajiya. Kada a yi mana kuɗin goro. Ku 'yan boko da an ce malam sai ku kawo Rigasa.

Anti Nas: Malam ban hana addu'a ba, a yi ta a haɗa da magani.

Ɗan Zango: Shi ya sa nake goyon bayan Janar Buba Marwa. Ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999, ya san garin nan ciki da bai, kuma tun da ya karɓi NDLEA a 2021 yake cewa a riƙa yi wa ɗalibai gwajin ƙwaya. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya amince. Da ana gwaji tun ranar shiga, da an san ko yaron Baffa da abinsa ya taho daga gida.

Baffa Mai Albasa: Kana nufin ƙarya nake yi?

Ɗan Aji Huɗu: Gwajin ba laifi ba ne, amma idan an samu mutum sai me? Idan kora ce kawai, to an mayar da shi unguwa ba aji ba aiki, wajen masu sayarwa. A kama dilan da ke bakin ƙofar makaranta, shi kuma ɗalibin a haɗa shi da mai ba da shawara, a kira waliyyinsa, a ba shi damar dawowa idan ya kammala magani. Giyar ledar ma tun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ke cewa ta hana, har yau da kuɗin ruwan sanyi za ka saye ta.

Sakataren Zaure: To jama'a dare ya yi, zan rufe wannan batu. Abin da aka tattauna a taƙaice: na ɗaya, zaure ya yi tir da kalmar 'yan bariki, kuma an tabbatar da hujjar tarihi cewa Hausawan Agege da Obalende su ne tushen zaman Bahaushe a Legas, don haka ana jiran Baffa ya janye. Na biyu, alƙaluman da aka kawo ba su shafe mu ba, kuma an nuna matsalar kodin daga Kano ta yi ƙamari. Na uku, masu kawo yara daga gida su riƙa bincikar halinsu kafin su ɗora wa wasu laifi. Allah ya shirya mana.

Bakanon Apapa: Wannan ba taƙaitawa ba ce, Sakatare. Ina 33 da 16 ɗin? Don kai ma ɗan Agege ne.

Uwar Biyu: Kuma ba a ce Goggo ta ba ni haƙuri ba.

Baffa Mai Albasa: Na janye, Allah ya huci zuciyar kowa. Anti Nas na buɗe ɗakin. Ya ce biyar yake sha a rana, wani lokaci da roci idan barci ya ƙi zuwa, tun aji biyu. Yanzu amai yake yi, yana ta kuka yana cewa kada in gaya wa babansa.

Anti Nas: Kada ka jira safiya Baffa, kuma kada ka bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, idan ya kwanta ka juya shi ta gefe saboda aman. Ka ɗauki ragowar katin ƙwayar ka tafi da shi likita ya gani. Daga Mile 12 ku biyo titin Ikorodu, yanzu hanya ta saki, ku sauka Jibowu. Na sa hijabina, zan tsaya muku a bakin ƙofar asibitin Yaba.