Neman shawara: tafiya a ƙasa tsakanin Ƙal'ar Ƙaitbay da Masallacin Abul Abbas a Iskandariyya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a Alƙahira, kuma mahaifina da mahaifiyata za su zo ganin likita a watan Janairu, idan Allah ya kai mu. Baba ya daɗe yana burin ya ziyarci kabarin Imam Busiri a Iskandariyya, wanda yake dab da Masallacin Abul Abbas, domin tun muna yara ba ya rabuwa da Burda da Hamziyya, ni kuma ina so in haɗa masu da Ƙal'ar Ƙaitbay, wato tsohon ginin tsaro da ke bakin teku, tunda an ce wuraren biyu suna kusa da juna. Damuwata ita ce Baba ya haura shekara saba'in, yana fama da ciwon gwiwa, kuma yini ɗaya kacal muke da shi. Shin dattijo zai iya taka wannan hanya da ƙafa, ko kuwa mu ɗauki tasi? Kuma da wanne ya fi dacewa mu fara? Allah ya saka da alheri.

Amsar wani tsohon ɗalibi da ya zauna a garin:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo su Baba lafiya, ya kuma ba shi sauƙi. Tazarar da ke tsakanin ƙofar ƙal'a da dandalin masallatai ta ɗan wuce kilomita ɗaya, mai lafiya kan yanke ta cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin, kuma hanyar shimfiɗaɗɗiya ce a bakin teku, babu hawa babu gangara. Saboda haka tafiyar kanta ba za ta gagari Baba ba, muddin za ku bi ta a hankali kuna hutawa. Abin da zai wahalar da gwiwarsa yana cikin ƙal'ar ne, domin babban ginin hawa uku ne, matakalunsa na dutse ne masu tsawo da ƙunci, shekaru kuma sun goge su har sun yi santsi. Shawarata ita ce ya tsaya a farfajiya da hawan ƙasa, inda ɗan masallacin ƙal'ar yake, kai kuma ka hau sama ka ɗauko masa hotuna.

Dangane da tsari, ku fara da ƙal'a da safe, sannan ku tako zuwa masallaci ku riski Azahar a can. Ƙal'ar gidan tarihi ce da ake shiga da tikiti, ana kuma rufe ta tun da yamma, masallaci kuwa yana nan a kowane lokacin salla, ga wurin alwala, ga shimfiɗar da dattijo zai miƙe ƙafa bayan ya gaji. Idan kuka juya tsarin, za ku isa ƙal'a da gajiya a jiki, a daidai lokacin da ta cika da 'yan makaranta da masu ɗaukar hoto. Idan kun fito daga ƙal'ar, ruwa zai kasance a hannun hagunku, cike da ƙananan jiragen masunta masu fenti kala-kala, kuma tun daga nesa za ku hango hasumiyar masallacin, don haka babu maganar ɓata hanya. Kada ka manta da katinka na ɗalibi, ana rage kuɗin shiga da shi.

Amsar wani malamin tarihi:

Ina goyon bayan wannan tsari, sai dai ina so in ƙara wa mai tambaya abin da zai riƙa gaya wa Baba a hanya, saboda dattijo mai ilimi ba ya jin daɗin a nuna masa bango kawai a ce ya kalla. Sarkin Mamluk Al-Ashraf Ƙaitbay ne ya gina ƙal'ar, an fara aikin a 1477, domin kare bakin tekun Masar daga jiragen yaƙi, musamman na Turkawan daular Usmaniyya da ƙarfinsu yake ƙaruwa a lokacin. An ɗora ta ne a kan harsashin tsohuwar hasumiyar nan da ke yi wa jiragen ruwa jagora da haske, wadda aka gina fiye da shekara ɗari biyu kafin haihuwar Annabi Isa, wadda kuma girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka raunana. Ibn Battuta ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya rushe, da ya sake zuwa a 1349 ya tarar ko shiga ba a iya yi. Ku lura da manya-manyan duwatsun da ke jikin ƙofar babban ginin, sun bambanta da farin dutsen sauran bangon, kuma masana suna ganin daga kangon hasumiyar aka ɗebo su. A watan Yulin 1882 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa ƙal'ar ruwan wuta, abin da kuke gani yau ya sha gyara bayan haka. Abin da na tabbata zai fi jan hankalin Baba shi ne, wannan Ƙaitbay ɗin ne ya sake gina Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan gobarar da ta kama shi a 1481.

Ita kanta ƙasar da za ku taka tana da labari. Wurin da ƙal'a take tsibiri ne a da, aka haɗa shi da gari da wata doguwar gada, sannan yashi da laka suka yi ta taruwa a gefenta har ta zama ƙasar da aka gina unguwanni a kai. A ƙarshen tafiyar kuma, Sheikh Abul Abbas mutumin Mursiya ne ta Andalus, almajirin Sheikh Abul Hasan Shazali kuma halifansa, ya rasu a Iskandariyya a shekara ta 686 bayan Hijira. Ginin masallacin na yanzu sabo ne, an kammala shi a shekarun 1940, kuma cikin waɗanda suka zana shi akwai wani Ba'italiye mai suna Mario Rossi. Masallacin Imam Busiri daban yake, ƙarami ne, a dandali ɗaya da shi, taku kaɗan ne tsakaninsu, kuma an rubuta baitukan Burda a jikin bangonsa. A nan ne za ku fi daɗewa, don haka kada ku ƙarar da ƙarfin Baba a ƙal'a.

Amsar wata 'yar'uwa:

Malamai sun yi bayani mai kyau, amma ba a taɓo maganar watan da za su zo ba, kuma a ganina ita ce babba. Janairu tsakiyar hunturu ne, kuma hunturun Iskandariyya ba irin na Alƙahira ba ne, balle a kwatanta shi da sanyinmu na gida mai bushewa. Lokaci ne na ruwan sama da guguwar teku da mutanen garin suke kira nawwa, wadda kan ɗauki kwanaki, igiyar ruwa tana dukan bango tana watsowa kan hanya. Siririyar hanyar da ke kaiwa ƙal'a ba ta da wata rumfa ko mafaka, iska ce daga kowane ɓangare, kuma sanyi mai laima ba ya ragawa mai ciwon gwiwa. Ka duba hasashen yanayi kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa, ka kuma tanadar masu da rigunan sanyi da takalma masu kama ƙasa, kada Baba ya zo da silifa. Idan aka wayi gari da hadari, ku haƙura da tafiyar ƙafa, ku hau tasi, tafiyar 'yan mintuna ce kawai.

Game da Hajiya, ƙofar mata a Masallacin Abul Abbas daban take da ta maza, don haka ku sanya wurin da za ku haɗu kafin ku rabu, ka kuma tabbatar tana riƙe da waya. Ku guji ranar Juma'a, dandalin yakan cika maƙil.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na ji an ce titin bakin tekun yana da wuyar tsallakawa. Shin a wane gefe masallacin yake, kuma daga tashar jirgi yaya za mu yi?

Amsar tsohon ɗalibin:

Gaskiya aka gaya maka, ɗan'uwa. Masallacin yana ɗaya gefen titin ne, wato ɓangaren gari, don haka dole ku tsallaka sau ɗaya, kuma direbobin ƙananan bas ba su cika tsayawa don mai tafiya a ƙasa ba. Kada ku jira sai kun zo daidai masallaci inda motoci suka fi yawa. Ku tsallaka tun kuna kusa da mashigar hanyar ƙal'a, inda titin ya lanƙwasa motoci suke rage gudu, ku bi bayan 'yan gari idan sun taru za su wuce, kai kana ɓangaren da motoci suke fitowa kana riƙe da hannun Baba. A wannan gefen ne ma shagunan shayi da na shinkafa da madara suke, inda za su samu kujera su huta a tsakiyar hanya.

Daga Alƙahira kuma, ku hau jirgin sassafe a tashar Ramsis, tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku. A cikin Iskandariyya jirgin zai fara tsayawa a tashar Sidi Jabir, mutane da yawa za su sauka, amma ku zauna har tasha ta ƙarshe, Mahaɗɗat Misr, ita ce ta fi kusa da tsohon gari. Ku ce wa mai tasi Ƙal'a, a unguwar Bahari, ku kuma daidaita kuɗi kafin ku shiga. Ka sayi tikitin komawa tun daga Alƙahira, ka zaɓi jirgin bayan Magariba, domin bayan ziyara sai sun ci kifi a gidajen abincin unguwar Anfushi da ke kusa da ƙal'a, kuma a can sai ka zaɓi kifin an auna shi sannan a gasa, abin yakan ɗauki lokaci.