Shin ƙananan tukwanen sarrafa iskar gas za su iya rage ƙona ta a rijiyoyin mai?

Sani Dutsin-Ma: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Abin yana damuna ƙwarai yadda ake ƙona iskar gas dare da rana a yankin Neja Delta, alhali man dizal yana tsada a ƙasar. Na san akwai masana'antar Escravos ta Chevron da NNPC, wadda ke mayar da iskar zuwa mai tun 2014, amma kuɗin gina ta ya kai kusan dala biliyan 10. Shin gaskiya ne akwai ƙananan na'urori da za a kai bakin rijiya su yi wannan aiki?

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Akwai su, kuma tushensu shi ne hanyar da Franz Fischer da Hans Tropsch suka gano a Jamus a 1925. Da farko ana haɗa iskar da tururi ko iskar oksijin a zafin da ya haura digiri 800, sai ta rabu zuwa haidirojin da kabon monoksaid. Daga nan a bi da su ta kan sinadarin kobalt a zafin da bai wuce digiri 240 ba, su harhaɗu su zama dizal da kananzir da kakin kyandir. Wannan mataki na biyu yana fitar da zafi mai yawa, kuma idan ba a kwashe shi da sauri ba, sinadarin ya lalace, man da ake nema ya koma iska. A ƙananan tukwanen da ake yin wannan mataki a cikinsu, an jera faifayen ƙarfe masu siraran hanyoyi da faɗinsu bai wuce milimita kaɗan ba, wata ta iska, ta kusa da ita ta ruwan sanyaya, wanda ke kwashe zafin nan take, shi ya sa tukunyar da za ta shiga kwantena take aiki da sauri. Dizal ɗin da ke fitowa kusan babu farar wuta a cikinsa.

Alhaji Garba: Injiniya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin matsalar tana wajen riba. Masana'antar Pearl ta Shell a Katar tana fitar da ganga 140,000 a rana, kuma yawan ne ke biyan kuɗin ginin. Ƙaramar da aka gina a birnin Oklahoma na Amurka da tukwanen kamfanin Velocys ta fara aiki a 2017, aka dakatar da ita a 2018 bayan an sami yoyo a hanyar ruwan sanyaya.

Injiniya Hadiza: Haka ne, Alhaji. Sai dai iskar da ake ƙonawa ba ta da mai saye, domin shimfiɗa bututu zuwa ƙaramar rijiya a cikin fadama ba ya biyan kansa, amma mai a tanka ake kwashe shi. Abin da ya fi damuna shi ne matakin farko, wanda ya fi cin kuɗi, da kuma ruwan da ke fitowa tare da man, wanda yawansa ya kai na man ko ya fi, kuma dole a tace shi kafin a zubar da shi kusa da garuruwan masunta.